Gida Ɗaya, Tuta Biyu: Rikicin Ailan a Cikin Ƙagaggun Labaran Tarihi na Yara

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da sukan sha wa masu tsara manhaja kai, da wuya a sami wadda ta kai ta yadda za a gabatar wa yaro tarihin rikicin da har yanzu akwai masu jin zafinsa. Tarihin Fir'aunan Masar ko na Rumawa ba ya tayar wa kowa da hankali a aji. Amma idan aka zo kan yaƙin da kakan wani ɗalibi ya yi a wannan ɓangare, kakan abokin zamansa kuma ya yi a wancan, sai malami ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, yaro zai ji labarin a gida ko a dandali, daga baki ɗaya. In kuwa ya yi magana, yana fargabar a ce ya goyi bayan wani.

Ƙasar Ailan ta daɗe tana fama da wannan matsala, kuma marubutanta na adabin yara sun bi wata hanya wadda ta cancanci nazari. A wannan maƙala za mu kawo tushen rikicin a taƙaice, mu dubi wasu daga cikin ƙagaggun labaran da aka rubuta wa yara da matasa a kansa, sa'an nan mu auna amfaninsu da kasawarsu a fagen koyarwa. Abin da muke son nunawa shi ne, labaran da suka fi inganci a cikinsu sun ɗauko rabuwar daga fagen fama sun ajiye ta a tsakar gida ɗaya, inda uba yake wani ɓangare, kawu ko wa yake wani. Ta haka mai karatu ba ya samun damar tsanar ɓangare guda baki ɗaya, domin a kowane ɓangare akwai wanda tauraron labarin yake ƙauna.

2.0 Tushen Rikicin

2.1 Daga 1609 zuwa 1914

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Birtaniya. Sarakunan Ingila sun fara sa hannu a harkokinsa tun ƙarni na 12, amma abin da ya dasa rabuwar da muke magana a kai ya soma ne a shekarar 1609, lokacin da gwamnatin Sarki James na Ɗaya ta ƙwace filayen sarakunan gargajiya na lardin Ulster, a arewacin tsibirin, ta raba wa baƙi daga Ingila da Sikotilan. Baƙin mabiya ɗariƙar Furotesta ne, 'yan ƙasa kuwa Katolika. Daga nan addini da fili da mulki suka sarƙe da juna. A shekarar 1690, a gaɓar kogin Boyne, Sarki William, Furotesta, ya ci Sarki James na Biyu, Katolika, da yaƙi. Har gobe ana tunawa da wannan nasara a Ailan ta Arewa kowace ranar 12 ga Yuli, da jerin gwano da ganguna.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa addini kaɗai ke raba mutanen. Wolfe Tone, wanda ya yi fice a tawayen 1798 na neman raba Ailan da Ingila, Furotesta ne. Bayan an murƙushe wannan tawaye aka haɗe Ailan da Birtaniya a ƙarƙashin majalisa ɗaya daga farkon 1801. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawa, aka yi yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu kimanin miliyan 1 kuma suka yi ƙaura. Wannan masifa ta ƙara wa mutane da yawa ƙin mulkin Landan. Sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta yi niyyar ba Ailan mulkin cikin gida, sai akasarin Furotestan arewa suka ƙi, don tsoron zama tsiraru a ƙarƙashin majalisar Dublin. A watan Satumba na 1912, maza da mata kusan dubu 500 suka sa hannu a kan takardun alkawarin hana wannan shiri.

2.2 Daga 1914 zuwa 1923

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kimanin 'yan Ailan dubu 200, Katolika da Furotesta, suka yi aiki a rundunonin Birtaniya. Suna can fagen fama, a ranar Litinin 24 ga Afrilu, 1916, cikin makon bikin Ista, wasu 'yan kishin ƙasa ƙarƙashin jagorancin Patrick Pearse da James Connolly suka kame babban gidan waya na Dublin da wasu wurare, suka shelanta jamhuriya. Kwana shida aka yi ana ɓarin wuta kafin su miƙa wuya. Mutum kusan 500 suka rasu, fiye da rabinsu fararen hula, ciki har da yara 40. Da farko mutanen gari da dama ba su goyi bayan tawayen ba, musamman matan sojojin da ke Faransa, waɗanda da kuɗin da gwamnati ke ba su suke ciyar da 'ya'yansu. Amma da aka harbe mutum 15 a watan Mayu bayan shari'ar soja, aka kuma rataye Roger Casement a Landan a watan Agusta, sai ra'ayin jama'a ya juya.

A zaɓen 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujeru 73 daga cikin 105 na Ailan, ta kafa majalisarta a Dublin a Janairun 1919. Aka yi yaƙin sari-ka-noƙe da dakarun Birtaniya har zuwa Yulin 1921. A wannan shekara aka raba tsibirin: gundumomi 6 na arewa maso gabas suka zama Ailan ta Arewa, suka ci gaba da zama cikin haɗakar Birtaniya. Yarjejeniyar 6 ga Disamba, 1921, ta ba sauran gundumomi 26 mulkin kai, bisa sharaɗin su zauna cikin daular Birtaniya, 'yan majalisa kuma su yi rantsuwar da ta ambaci Sarkin Ingila. Majalisar Dublin ta amince da ita da ƙuri'a 64, masu ƙi suka sami 57. Mutanen da jiya suke yaƙi kafaɗa da kafaɗa suka rabu biyu, masu bin Michael Collins da masu bin Éamon de Valera, aka yi yaƙin basasa daga Yunin 1922 zuwa Mayun 1923.

2.3 Daga 1968 zuwa 1998

A Ailan ta Arewa jam'iyya ɗaya, ta masu son zama tare da Birtaniya, ita ta riƙe mulki daga 1921 har 1972. Katolika sun yi ta kukan ana danne su wajen rabon gidajen gwamnati da aikin yi da shata mazaɓu, musamman a birnin Derry. Zanga-zangar neman haƙƙi ta 1968 ta gamu da kulake, tarzoma ta biyo baya, aka kawo sojojin Birtaniya kan tituna a watan Agusta na 1969. A ranar 30 ga Janairu, 1972, sojoji suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry, lamarin da sai a 2010 Firayim Minista David Cameron ya nemi gafara a kansa. A cikin shekara 30 na wannan tashin hankali an rasa rayuka fiye da 3,500, fiye da rabi fararen hula. Kimanin kashi 60 cikin 100 sun mutu ne a hannun ƙungiyoyi masu makamai na masu neman haɗe Ailan, musamman IRA, kimanin kashi 30 a hannun takwarorinsu na masu son zama da Birtaniya, kimanin kashi 10 kuma a hannun jami'an tsaro. Yarjejeniyar 10 ga Afrilu, 1998, ita ta kawo ƙarshen galibin zubar da jinin, bayan jama'ar kudu da arewa sun amince da ita a ƙuri'ar raba-gardama.

3.0 Rabuwar Cikin Gida a Tarihi

Kafin mu shiga labaran, ya kamata mu tabbatar cewa jigon gida mai tuta biyu yana da tushe a abin da ya auku da gaske. Misalai uku daga yaƙin basasa sun wadatar.

Seán Hales da ƙaninsa Tom, 'yan gundumar Cork, tare suka yaƙi Birtaniya. Da yarjejeniya ta zo, Seán ya karɓe ta, Tom ya ƙi. Tom yana cikin waɗanda suka shirya kwanton ɓaunar da aka kashe Michael Collins a ciki ranar 22 ga Agusta, 1922. Seán kuwa, wanda ɗan majalisa ne, masu ƙin yarjejeniya suka harbe shi a Dublin ranar 7 ga Disamba. Kashegari gwamnati ta ɗauki fansa da harbe fursunoni huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Rory O'Connor, shi ne babban abokin ango a bikin Kevin O'Higgins shekara guda kafin nan, O'Higgins kuwa yana cikin ministocin da suka amince da hukuncin. Na uku shi ne Erskine Childers, haifaffen Landan, tsohon jami'in sojan Birtaniya, wanda ya koma ɗan kishin Ailan har ya yi fasa-ƙwaurin bindigogi a jirgin ruwansa a 1914. Gwamnatin Dublin ta harbe shi ranar 24 ga Nuwamba, 1922. Kafin a kashe shi ya yi wa ɗansa mai shekara 16 wasiyyar ya nemi waɗanda suka sa hannu a hukuncin, ya gaisa da su hannu da hannu. Wannan yaro shi ne ya zama shugaban ƙasar Ailan a 1973.

Ana iya gane zurfin wannan rauni daga siyasar da ta biyo baya. Manyan jam'iyyun nan biyu, Fine Gael da Fianna Fáil, waɗanda suka samo asali daga ɓangarorin basasar, ba su shiga gwamnatin haɗin gwiwa tare ba sai a shekarar 2020.

4.0 Nazarin Wasu Labarai

4.1 Joan Lingard

An haifi Joan Lingard a Edinburgh a 1932, ta girma a Belfast, ta rasu a 2022. Daga 1970 zuwa 1976 ta wallafa littattafai biyar a kan taurari biyu, Kevin McCoy, ɗan Katolika, da Sadie Jackson, 'yar Furotesta. A lokacin da ta rubuta su labaran yau da kullum ne, amma ga yaron yanzu sun zama labaran tarihi. Na farko, The Twelfth Day of July, na 1970, ya fara ne da tsokanar yara: ana shirin bikin 12 ga Yuli, yaran wata unguwa suka ɓata hoton Sarki William da ke jikin bangon wata unguwar, aka shiga ramuwa. Wasa ya zama faɗa, har aka ji wa Brede, ƙanwar Kevin, mummunan rauni a jifa da duwatsu. Ganin jinin yarinyar da ba ta tsokani kowa ba shi ya dawo da Sadie da wanta cikin hayyacinsu.

A littafi na biyu, Across the Barricades, na 1972, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantun Birtaniya, Kevin da Sadie sun girma, shaƙuwa ta shiga tsakaninsu. Abin lura a nan shi ne inda barazana take fito musu. Kevin ya sha duka ne a hannun samarin unguwarsu, bayan ya ƙi ɓoye wa abokinsa na ƙuruciya bindiga. Sadie kuma ta gamu da fushin iyayenta da maƙwabtanta. Dattijon malamin da ya ba su wurin ganawa a gidansa ya rasa ransa sanadiyyar haka. Wato marubuciyar ta nuna wa yaro cewa a irin wannan hali, wanda ya miƙa hannu ga ɗaya ɓangaren yakan fara ganin tasku ne daga nasa mutanen. Daga ƙarshe taurarin biyu suka bar Belfast, suka nufi Ingila.

4.2 Gerard Whelan da Siobhán Parkinson

A shekarun 1990 aka sami bunƙasar ƙagaggun labaran tarihi na yara a Dublin, musamman daga kamfanin ɗab'i na O'Brien, bayan karɓuwar da littafin Marita Conlon-McKenna a kan babbar yunwa, Under the Hawthorn Tree, na 1990, ya samu. Daga cikinsu akwai The Guns of Easter na Gerard Whelan, wanda ya fito a 1996. Tauraronsa Jimmy Conway ne, ɗan shekara 12, mazaunin unguwar matalauta a Dublin. Mahaifinsa yana Faransa sanye da kakin sojan Birtaniya, kawunsa Mick kuma yana cikin 'yan tawayen 1916. Abin da ya fitar da Jimmy kan tituna cikin ruwan harsashi neman abin da iyalinsa za su ci ne. A wannan tafiya ya ga tawayen da idon mai jin yunwa, ya ga sojojin da ke harbin abokan kawunsa sanye da irin kakin mahaifinsa. Marubucin bai tilasta wa yaron zaɓen ɗaya ba, domin kamar yadda Bahaushe ke cewa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Siobhán Parkinson, a littafinta No Peace for Amelia na 1994, ta ƙara wa lamarin fuska ta uku. Amelia 'yar wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce, Kweka, wadda ta hana mabiyanta ɗaukar makami. Duk da haka saurayinta ya shiga sojan Birtaniya, alhali wan ƙawarta Mary Ann, mai aiki a gidansu, yana cikin 'yan tawaye. Ga masu yaƙi don Sarki, ga masu yaƙi don jamhuriya, ga kuma masu ganin yaƙin duka haramun ne, kuma duk a ƙarƙashin rufin ɗaki ɗaya. Har wa yau littafin ya sa bambancin mai gida da ɗan aiki a cikin lissafi, abin da ke tuna wa mai karatu cewa arziki da talauci ma suna da hannu a irin zaɓin da mutum yake yi.

4.3 Siobhan Dowd

Bog Child na Siobhan Dowd ya fito a 2008, shekara guda bayan rasuwarta, ya kuma ci lambar Carnegie a 2009. An gina shi a kan shekarar 1981, lokacin da fursunoni 10 suka mutu a yajin cin abinci a kurkukun Maze, ciki har da Bobby Sands, wanda aka zaɓa ɗan majalisar Birtaniya yana tsare. Fergus, ɗan shekara 18, yana shirin jarrabawar shiga jami'a don ya karanta aikin likita, wansa Joe kuma ya shiga yajin. Uba yana ganin a mutunta ƙudurin ɗansa, uwa tana son ɗanta da rai. Wannan ma ya dace da tarihi, domin yajin ya ƙare ne a watan Oktoba na 1981 bayan wasu iyalai sun fara ba likitoci izinin ceton 'ya'yansu idan suka suma. Bugu da ƙari, Fergus ya ƙulla abota da wani matashin sojan Birtaniya mai gadin kan iyaka, daga baya kuma ya gano cewa kawunsa da ya fi shaƙuwa da shi yana da hannu a harkar bama-bamai. A gefe guda, gawar wata da aka tono a fadama, wadda da farko aka zaci kisan kwanan nan ne, ashe ta kusa shekara 2,000, ta ba marubuciyar damar tambayar me ya sa al'umma takan yarda ta sadaukar da 'ya'yanta.

5.0 Amfanin Labaran da Kasawarsu

Idan muka haɗa waɗannan littattafai za mu ga dabaru uku da suka yi tarayya a kansu. Ta farko, tauraro yaro ne ko matashi wanda bai riga ya yi mubaya'a ga kowa ba, saboda haka yana da damar yin tambayar da babba zai ji kunyar yi. Ta biyu, akwai wanda tauraron yake ƙauna a kowane ɓangare. Ta uku, ana nuna dalilin kowa kafin a nuna aikinsa, ko dalilin yunwa ne, ko aƙida, ko tsoron maƙwabta. Ɗalibin da ya bi irin wannan labari yakan koyi bambanta fahimtar dalilin mutum da amincewa da abin da ya aikata, wanda shi ne ginshiƙin karatun tarihi.

Amma akwai kasawa da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Da farko, sau da yawa mafitar da ake ba tauraro ita ce barin gari: Kevin da Sadie sun tsallaka teku, Fergus ya tafi karatu. Wannan gaskiya ce ga dubban matasa, amma ba ta koya wa wanda ya zauna yadda zai zauna da maƙwabcinsa. Na biyu, ƙoƙarin yi wa kowa adalci yakan sa rikici ya zama kamar aikin wasu masu zafin kai ne a kowace unguwa, a manta da batun gidaje da ƙuri'a da aikin yi waɗanda muka ambata a sama, a kuma manta da tsoron da Furotesta suke da shi na zama tsiraru. Na uku, a iya karatunmu, labaran da suka shiga zuciyar ɗan kishin Ailan sun fi waɗanda suka shiga zuciyar mai son zama da Birtaniya yawa. The Beat of the Drum, na 1989, wanda Martin Waddell ya rubuta da sunan Catherine Sefton, yana cikin waɗanda suka kalli lamarin daga cikin unguwar Furotesta. Na huɗu, yaro ba ya rarrabe abin da ya auku da abin da marubuci ya ƙaga, sai an nuna masa.

6.0 Abin da Makarantun Ailan ta Arewa Suka Nuna

Galibin yaran Ailan ta Arewa suna zuwa makarantu ne daban-daban, na Katolika ko waɗanda Furotesta suka fi yawa a ciki. Makarantar haɗaka ta farko da aka tsara, Lagan College, an buɗe ta a 1981 da ɗalibai 28, kuma bayan shekara 40 ɗaliban irin waɗannan makarantu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Dokar gyaran ilimi ta 1989 ta kawo manhajar bai ɗaya, ta kuma sa ilimin fahimtar juna ya zama jigon da ake sakawa cikin darussa. An tsara darasin tarihi a kan auna hujjoji da jin ra'ayoyi mabambanta.

Sai dai binciken da Keith Barton da Alan McCully suka wallafa a 2005, bayan hira da ɗalibai fiye da 250 na shekaru ukun farko na sakandare, ya nuna wani abin damuwa. Yayin da ɗaliban suke girma, sai suna ƙara jingina kansu ga tarihin al'ummarsu, suna tsintar abin da ya dace da shi daga abin da aka koya musu a aji. Abin da muka fahimta daga wannan shi ne, darasi mai adalci wanda bai taɓa zuciya ba, ba zai iya ja da hoton bango da gangar biki da hirar gida ba. A nan ƙagaggen labari yake da rawar takawa, domin yana magana da yaro ta hanyar da gida da unguwa suke magana da shi, wato ta hanyar mutum da abin da ya same shi.

7.0 Shawarwari

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. An ɗauke Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar ilimin tushe a Nijeriya a ƙarshen shekarun 2000, aka yi fiye da shekara 10 kafin a mayar da shi. Muna kuma da namu tarihin na rabuwar kai, kamar yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin jikokin gidan sarauta ɗaya, da rabuwar 1903 tsakanin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi da waɗanda suka zauna a Sakkwato tare da Waziri Buhari, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙagaggen labari mai ɗauke da tarihi ba baƙo ba ne a Hausa, tun daga Shaihu Umar da Ganɗoki na shekarun 1930. Bisa ga haka muke ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, wajen zaɓen littafi ko ba da aikin rubuta shi, a fifita labarin da tauraronsa yake da nasa a kowane ɓangare, a guji wanda ya tara mugaye a gefe guda. Na biyu, kowane littafi ya zo da taƙaitaccen jadawalin shekaru da taswira, da bayanin waɗanda suka rayu da gaske da waɗanda aka ƙaga. Na uku, malamin adabi da malamin tarihi su tsara zango tare, domin labari ya ɗauki nauyin mutane, darasin tarihi ya ɗauki nauyin dalilai. Na huɗu, a lura da shekaru: irin labarin Jimmy Conway ya dace da ƙaramar sakandare, irin na Fergus kuwa sai babbar sakandare. Na biyar, a fara da rikicin wata ƙasa mai nisa kafin a zo gida. Ɗalibin da ba shi da kaka a Dublin ko Belfast zai fi sakin jiki ya saurari kowane ɓangare, kuma idan ya saba da haka zai fi iya yin sa a kan tarihin da ya shafe shi. Na shida, tambayoyin aji da na jarrabawa su karkata ga neman dalili, alal misali a ce wa ɗalibi ya rubuta wasiƙar da mahaifin Jimmy zai aiko daga Faransa bayan ya ji labarin tawayen, sa'an nan ya rubuta amsar da Mick zai ba shi.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun bi tarihin rikicin Ailan daga 1609 zuwa 1998, mun ga cewa rabuwar ta ratsa gidaje da abokantaka, mun kuma duba yadda Lingard da Whelan da Parkinson da Dowd suka mayar da wannan gaskiya jigon labaransu. Mun nuna cewa irin waɗannan littattafai ƙofa ce mai kyau ta shiga tarihin da ake jayayya a kansa, muddin akwai malami da darasin tarihi a bayan ƙofar. Aikin da ya rage shi ne na gwaji: a fassara ɗaya daga cikinsu zuwa Hausa da izinin masu haƙƙin mallaka, a koyar da shi a wasu zaɓaɓɓun makarantu na zango guda, a rubuta abin da malamai da ɗalibai suka ce, kafin a yanke shawarar shigar da irinsa cikin manhaja.